Ranar Da Na Kai Baba Alhaji Ya Ga Kansa A Gola

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki Baba Alhaji a bayan babur na kai shi shagon gem na Dauda a Salaga, inda samari ke buga ƙwallo a talabijin, ba, kuma ko na so in manta, 'yan unguwarmu ba za su bari ba. Shekara bakwai ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunya. Mutum huɗu nake jin haushinsu a kan maganar nan, kuma duk yadda na juya lissafin, ni ne nake fitowa na ɗaya.

Bari in fara da gidanmu. Baba Alhaji Inusa yayan mahaifina ne, shi ne babban gida, kuma duk abin da ya shafi karatun yara a hannunsa yake. Fataucin doya yake yi. Motocinsa biyu suna lodi a Salaga, su hau jirgin ruwa a Makango su tsallaka Yeji, daga can su yi kudu. Awudu kuma ɗan ƙanensu ne da ya rasu. Tare muka tashi da shi, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Na girme shi da wata huɗu (kuma saboda wata huɗun nan na tilasta masa ya riƙa ce mini Yaya, shi kuwa yana faɗa da wata irin murya da ba ka iya kama shi da laifi).

Shekarar da muka gama sakandare, mu biyu duk muka ci jarrabawa, mu biyu duk jami'a ta ba mu gurbi. Sai dai a shekarar ne mota ɗaya ta kwanta wata uku a gareji, doya kuma ta ruɓe a hanya har sau biyu. Baba Alhaji ya tara mu a zaure, ya ce, "Bana mutum ɗaya zan iya ɗauka. Ɗaya ya tafi makaranta, ɗaya ya bi mota. Baɗi in Allah ya kai mu, sai mu gani." Ya ce nan da Juma'a biyu zai faɗi wanda ya zaɓa.

To, a gidanmu kowa ya san ma'anar "baɗi mu gani". Yayanmu Sule da wannan maganar ya hau mota, yau 'ya'yansa uku, kuma har yanzu yana saman doya. Don haka tun a zauren na gama yanke wa kaina hukunci cewa ba ni ba mota.

Kuma ina da makami. Babu abin da Baba Alhaji ya tsana a duniya kamar wasan gem. Ya taɓa zuwa taron iyaye a makaranta, wani malami ya miƙe ya ce duk yaron da ya saba riƙe hannun gem ba zai ga ƙofar jami'a ba, Baba ya haddace maganar ya dawo da ita gida. In ya ga yaro yana latsa waya sai ya maimaita masa. Awudu kuwa a Salaga ya yi sakandare, yana kwana a gida, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana buga ƙwallon gem ba. In an yi masa faɗa ya ce to, gobe ya koma, jarrabawa ta zo ya ci. Ni kuma makarantar kwana na yi a Yendi. In na zo hutu, da tabarau nake zuwa (idona lafiyarsa ƙalau) da wani ƙaton littafi da nake ajiyewa a kan cinya in na ji takun Baba. Mata a gida har Lauya suke ce mini.

Yanzu ga abin da ba wanda ya sani a lokacin. A Yendi, bayan tashar mota, akwai shagon wani mutumin Bawku mai suna Bukari, kuma shekara uku ni ne sarkin shagon nan. Da ciwon haƙori nake karɓar izinin fita daga makaranta. Haƙorin nan ya yi shekara uku yana ciwo, ba a cire shi ba, bai kuma warke ba. A shagon Bukari ƙa'ida ita ce wanda aka ci shi ya tashi, wanda ya ci ya ci gaba da zama, ni kuwa sai in zauna tun azahar har benci ya yi mini zafi.

Da na ga na gagara, sai na fara neman abin nishaɗi. A cikin gem ɗin ana iya ƙirƙirar ƙungiya, ka zana 'yan wasa da kanka, ka ba su suna, ka ba su tsawo da ƙiba da gemu, ka kuma ba su maki a gudu da tsalle da sauransu, daga ɗaya zuwa casa'in da tara. Sai na zauna na zana gidanmu. Na sa wa ƙungiyar suna Gidan Alhaji Salaga. Limamin unguwarmu na sa shi a baya, da dogon wuyansa. Yaya Sule da direbobin Baba biyu a tsakiya. Awudu na ajiye shi a benci, siriri kamar sillen kara. Ni ne lamba goma, dogo, mai faɗin ƙirji, casa'in da tara a komai, da cikakken sunana har da na kakana. Baba Alhaji kuwa na sa shi a gola: gajere, da tumbi, da sanƙo, da farin gemu. Na ɗauki kusan awa ɗaya ina gyara tumbin nan har ya fito daidai.

A zangonmu na ƙarshe Bukari ya rufe shago ya ce zai koma Bawku. Na yi masa sallama har da rungumar juna. A raina na ce ai shi ke nan, injinan gem ɗin sun bi shi, Bawku kuwa ina ita ina Salaga. (Bukari shi ne mutum na biyu a jerin waɗanda nake jin haushi. Wane irin ɗan kasuwa ne zai sayar da inji bai goge abin da ke ciki ba?)

Mu koma Salaga. Bayan maganar Baba Alhaji, sai na lura Awudu ya ƙara ƙaimi wajen zuwa shagon Dauda. Da can sau biyu yake zuwa a mako, yanzu kullum ne, daga an sallame azahar sai dab da magariba. Na ce a raina, lallai yaron nan da hannunsa yake miƙo mini jami'a. A kwanakin nan kuma na ga samarin gari sun fara gaishe ni da wata irin fara'a. Wani mai babur ya wuce ni ya ɗaga hannu ya ce, "Kyaftin!" Wani a bakin kasuwa ya ce, "Cale, abokina, kai ne lamba goma?" Ni da girman kaina na ɗauka labarin sakamakon jarrabawata ne ya zagaye gari. Har na riƙa ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Ranar Asabar ɗin, saura kwana shida Baba ya yanke hukunci, na same shi a zaure bayan azahar yana shan shayi. Na durƙusa, na yi fuskar mai tausayi, na ce, "Baba, akwai maganar da ke damuna, amma ba na so a ce na kawo ƙarar ɗan'uwana."

Ya ce, "To kar ka kawo."

Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini in fita da mutuncina. Ban bi ta ba. Na ce, "Ai don amfaninsa ne, Baba. Awudu kullum yana shagon gem. Ina jin tsoron a kai shi jami'a ya je ya zubar da wahalarka."

Ya ajiye kofin, ya dube ni. "Ka gani da idonka?"

"Yanzu haka yana can."

"Ɗauko babur."

Na tuƙa shi yana bayana, babbar rigarsa tana kaɗawa, ni kuwa zuciyata fari ƙal, har ina tsara irin akwatin da zan saya. Ban taɓa shiga shagon Dauda ba, saboda a Salaga ni mutumin kirki ne. Ɗaki ne ɗaya da labule a ƙofa, talabijin uku, benci huɗu, fanka tana juya zafi. Talabijin biyu ba kowa a gabansu. Duk samarin, sun kai ashirin, sun taru a kan na tsakiya suna ihu. Awudu na zaune riƙe da hannun gem, Dauda mai shagon na gefensa riƙe da ɗaya.

Baba Alhaji ya yi sallama. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar 'yan kallo na cikin talabijin. Na ga idon Awudu ya faɗa kaina, ya girgiza mini kai a hankali. Na ɗauka roƙona yake yi, sai na ƙara samun ƙarfi. Na gyara tabarau na fara wa'azi. Na ce, "Ka gani ko, Baba? Rana tsaka, mutane suna neman na kansu, su suna nan suna kashe ƙwaƙwalwa. Wanda ya saba da wannan abin ai ba zai ga ƙofar jami'a ba." (Maganar malamin nan ce na ara, don na san tana shiga ran Baba.) Wani a baya ya toshe baki da hula, kafaɗarsa tana rawa. Na harare shi.

Baba bai ko dube ni ba. Talabijin yake kallo. Shi bokonsa bai yi nisa ba, amma mutumin da ya shekara talatin yana karanta takardar lodi ba a ɓoye masa sunansa. Ya matsa kusa, ya sunkuya, ya nuna da yatsa. "Wannan na cikin ragar, wane ne?"

Sai a lokacin na kalli talabijin ɗin. Ga gola nan a tsaye, gajere, da sanƙo, da farin gemu, da tumbin da na ɓata awa ɗaya a kansa. A saman kansa an rubuta ALHAJI INUSA DOYA. Nan take na gane aikin hannuna ne.

Baba ya juya wurin Awudu, muryarsa ta yi ƙasa, kuma duk gidanmu mun fi tsoron wannan muryar a kan tsawarsa. "Awudu. Kai ka yi wannan?"

Awudu ya sunkuyar da kai, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Nan ne wurin da ya fi yi mini ciwo, kuma tunda na fara faɗa bari in ƙarasa. Ni ma shiru na yi. Ina tsaye, na san gaskiya, ina kallon ɗan'uwana zai ɗauki kayana, sai wani ɓangare na zuciyata ya ce, kai, in ka daure minti biyu ai an gama. Na kuwa daure. Har na girgiza kai kamar mai takaicin halin Awudu.

Dauda ne bai daure ba. (Shi ne mutum na uku a jerina. Ba wanda ya tambaye shi.) Ya miƙe yana goge hannu a wando, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sam ba Awudu ne ya yi ba koraa. Wannan inji Yendi ne ya fito. Na saya shi wurin Bukari lokacin da zai koma Bawku. Haka ya zo da tim ɗin, ƙungiyar nan, ni ban taɓa komai ba. Mai shi ma ga sunan shi nan." Ya latsa wani abu, jerin 'yan wasa ya fito, ya tsaya a kan lamba goma. Ga ni nan, dogo, kyakkyawa, ƙirji kamar ƙofar gareji, sunana cikakke har da na kakana don kada a yi kuskure. A ƙasa kuma kofuna goma sha ɗaya da na ci a Yendi suna ta ƙyalli.

Wanda ya toshe baki da hula ya kasa. Dariyar ta fashe, ta bi ɗakin gaba ɗaya. Wani ya ce, "Kyaftin, ashe kai ne!" Na so ƙasa ta tsage in shige, amma Dauda siminti ya yi wa shagonsa.

Kuma bai tsaya nan ba. Ya ce, "Alhaji, Awudu ma gyara ne yake yi. Tun da ya gani ya ce in goge, na ce ba zan goge ba, wannan tim ne ke kawo mini mutane sosai paa. Sai muka yi magana: duk ranar da ya ci ni, zan canja suna ɗaya. Ya canja bakwai. Na Liman ne ya fara cirewa. Yau a kan naka muke bugawa, yana gaba da ci biyu kuka shigo."

Ka ji fa. Kwana takwas ina leƙen yaron nan ina murna yana rusa kansa, ashe wanke mini kashi yake yi kullum tun daga azahar har magariba. Kuma saura minti kaɗan ya cire sunan Baba sai na kawo Baban da kaina, a kan babur, da man da na saya da kuɗina.

Baba Alhaji ya ce wa Dauda, "Koma kan nawa." Dauda ya koma. Baba ya nuna wata lamba. "Wannan ta mece ce?"

"Gudu ne, Alhaji."

"Nawa ya ba ni?"

"Sha biyu."

"Cikin nawa?"

Dauda ya ce, "Casa'in da tara."

"Shi kuma nawa ya ba kansa?"

Lambar tana nan ɓaro-ɓaro, casa'in da tara. Baba ya miƙe tsaye, ya juyo ya dube ni tun daga tabarau har takalmi. Ya ce, "Ni da na kora shanu daga Salaga zuwa Kumasi a ƙafa, tun kafin ubanka ya iya sa zare a allura. Sha biyu." Ya miƙo mini hannu, na ɗauka mari ne na runtse ido, ashe makullin babur yake so. Ya karɓa ya ba Awudu, ya ce, "Kai ni gida."

Da ƙafa na koma, ta tsakiyar kasuwa, kuma labari ya riga ni. Mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a bakin hanya ta ce, "Lauya, yau ba tabarau?" Sai a nan na gane ashe na cire shi na cusa a aljihu ban sani ba.

Kwana shidan nan ban iya haɗa ido da kowa ba. Na ƙudurta a raina cewa gem ne ya kashe ni, kuma ina ta shirya hujja: ai Awudu ma yana yi, ai ni na fi shi maki ɗaya a jarrabawa. Ranar Juma'a Baba ya kira mu zaure. Ya ce Awudu ne zai tafi jami'a. Na buɗe baki zan fara hujjata, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Kar ka ce don wasan nan ne. Ku biyu duk kuna yi, ku biyu duk kun ci jarrabawa, wannan malamin da ya faɗi maganar ma sai na sake ganinsa. Tumbin da ka yi mini kuma nawa ne, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma na tambayi ɗan'uwanka a gabanka ko shi ya yi, ka yi shiru. Wanda zai yi wannan shirun a kan gurbi ɗaya, ban san abin da zai yi ba in ya zama lauya. Ka je ka bi mota, ko ta koya maka abin da Yendi ba ta koya maka ba."

Da muka fito na tare Awudu a tsakar gida, raina a ɓace, na ce, "Kai kuma me ya hana ka gaya mini tun farko?" (Shi ne na huɗu a jerin. Ban san yadda ake yafe wa mutum irin wannan kirkin ba.)

Ya ce, "Yaya, in na gaya maka za ka ce barazana nake maka saboda makaranta. Na so in gama tukuna. Saura huɗu ne fa."

Shekara guda na yi a saman doya. Na san layin jiran jirgi a Makango kamar tafin hannuna, na koyi jera doya ba ta karye ba, na koyi barci a kan buhu. Direbobi ba su taɓa kirana da sunana ba, daga Salaga har Yeji Lamba Goma nake. Kullum ina kallon Yaya Sule ina ganin kaina nan da shekara goma, tsoro ya kama ni. Allah ya taimake ni Baba ya cika alkawari, da shekara ta zagayo ya biya mini, ni ne na farko a gidanmu da "baɗi mu gani" ta gan shi. Awudu yanzu malamin lissafi ne, kuma har yau yana buga gem ɗinsa ranar Lahadi. Ni ban zama lauya ba, amma wannan wani labarin ne.

Abin da na koya ba shi da yawa. Gem bai hana ni jami'a ba, bai kuma hana Awudu ba, bakina ne da shiruna suka ci mini shekara. Kuma kafin ka ɗauki babba a babur ka kai shi ya ga laifin wani, ka fara bincika wa aka sayar wa injin da ka yi naka a kai.

Sai da na dawo hutun farko daga jami'a na ji sauran. Ashe washegarin ranar nan Baba Alhaji ya aika Yaya Sule wurin Dauda da saƙo. Ya ce kada a kuskura a goge sunansa, a bar shi a golarsa da tumbinsa, amma a mayar masa da gudunsa casa'in da tara. Awudu a ba shi lamba goma. Ni kuma a kai ni benci, a ba ni sha biyun nan.

Na je na duba da idona. Ina nan a benci har yau, siriri, da tabarau. Sha biyu fa. Ni da na ci kofi goma sha ɗaya a Yendi.